Salsalar gidan Haruna: rajistar aiki ce kafin ta zama abin taƙama

Surori tara na farkon Littafin Tarihi na Ɗaya suna cikin wuraren da mai karanta Littafi Mai Tsarki ya fi saurin tsallakewa. Sunaye ne jere da juna, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har ido ya gaji. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa waɗannan surori suke hannun jama'a, kuma a gari irin Mubi, inda Gude da Fali da Higi da Margi da Kilba ke haɗuwa su yi sujada da Hausa, da wuya ka ji an ɗauko wa'azin Lahadi daga cikinsu. Abin da mamaki, domin mu ba mutanen da suka raina asali ba ne. A Nassarawo ko a kowace unguwa, ba a ɗaura aure sai an bincika gidan da yaro ya fito, ba a naɗa sarauta sai an lissafa kakanni, kuma gidan Lamiɗon Adamawa har gobe da sunan Modibbo Adama yake tsaye. Ina ganin dalilin tsallakewar shi ne mun ɗauka mun riga mun san amfanin salsala: a yi taƙama da ita, a ci gado da ita. Salsalar wasu mutane can da suka shuɗe kuwa ba ta ba mu ko ɗaya daga cikin biyun. Amma salsalar firistocin Isra'ila ba a rubuta ta yadda maroƙi ke jero kakannin ubangidansa ba. An rubuta ta ne don a san wanda aka ɗora wa amana, a san wanda za a tuhuma idan amanar ta lalace, a kuma shaida cewa Wanda ya ba da amanar bai janye hannunsa ba ko da masu riƙon sun gaza. Ma'anarta ta ruhaniya a nan take.

A fara da tushen gidan. Firistoci duka daga kabilar Lawi suke, ta wurin Kohat da Amram zuwa Haruna, yayan Musa. Da maroƙi ne ya tsara labarin, da ba zai bar abin da Farawa sura 34 ta faɗa game da Lawi ba: shi da ɗan'uwansa Saminu sun yaudari mutanen Shekem suka karkashe mazansu, har mahaifinsu Yakubu, yana bakin mutuwa a sura 49, ya la'anci fushinsu ya ce za a warwatsa su cikin Isra'ila. Warwatsuwar ta tabbata. Da aka raba ƙasar Kan'ana, kowace kabila ta sami yankinta, Lawiyawa kuwa aka ba su garuruwa 48 a watse cikin yankunan 'yan'uwansu. Littafin Ƙidaya sura 18 ya gaya wa Haruna ƙarara cewa ba shi da gādon ƙasa, Allah ne rabonsa. Wanda ya san yadda 'yan'uwa ke kai juna gaban alƙali a kan gonar gado zai gane nauyin wannan magana. Shiga wannan salsala yana nufin an cire sunanka daga rabon ƙasa, cinka da shanka sun rataya a kan zakkar jama'a, wadda in sun yi sakaci kai ne za ka kwana da yunwa, kamar yadda ya faru a zamanin Nehemiya har Lawiyawa suka bar Haikali suka koma neman abinci. Sannan sura ta 3 ta Ƙidaya ta bayyana dalilin keɓe su: an ɗauke su ne a madadin 'ya'yan fari na dukan Isra'ila. Aka ƙirga Lawiyawa 22,000, 'ya'yan fari 22,273, rarar 273 ɗin aka fanshe su da shekel biyar-biyar. Ke nan kowane suna a cikin rajistar yana tsaye ne a gurbin ɗan wani gida. Shi ma babban firist, in zai shiga wuri mai tsarki, sunayen kabilu goma sha biyu ne a zane kan duwatsun da ke kafaɗunsa da ƙirjinsa. Ba sunayen kakanninsa yake ɗauka zuwa gaban Allah ba, sunayen jama'a yake ɗauka.

Idan aka buɗe sura ta 6 ta Tarihi na Ɗaya aka bi jerin manyan firistoci da yatsa, za a ƙirga sunaye 23 daga Haruna zuwa Yehozadak. A duk tsawon jerin sau biyu kacal marubucin ya dakata ya yi ƙarin bayani. Na farko a tsakiya, inda ya ambaci Haikalin da Sulemanu ya gina a Urushalima. Na biyu a ƙarshe, inda ya ce Yehozadak ya tafi bauta sa'ad da aka kwashe Yahuza ta hannun Nebukadnesar. Gini da rushewa, su ne turakun da aka ɗaure jerin a kansu. Mahaifin Yehozadak, Seraiya, shi ne babban firist ɗin da aka kama a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, aka kai shi Ribla aka kashe, kamar yadda ƙarshen Sarakuna na Biyu ya nuna. To waɗanda aka rubuta wa Littafin Tarihi mutanen zamanin mulkin Farisa ne, jikokin waɗanda suka dawo bayan Sairus ya ci Babila a 539. Ba su da sarki nasu, ƙasarsu ta zama ƙaramin lardi, Haikalin da suka sake ginawa bai kama ƙafar na dā ba. Tambayar da ke cin ransu ita ce ko har yanzu su ne mutanen alkawari, ko igiyar ta tsinke a Ribla. Jerin sunayen ne amsar. Ɗan Yehozadak, Yeshuwa, shi ya tsaya tare da Zarubabel aka sake gina bagade. Uba an kashe, ɗa ya rayu a baƙuwar ƙasa, jika ya dawo ya hura wutar hadaya. Mutanen Mubi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram ta shiga garin, ta kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi tare da makarantar tauhidi ta Kulp. Jama'a, Kirista da Musulmi, suka watsu zuwa Yola da duwatsu da ƙetaren iyakar Kamaru. Da aka fara dawowa, tambayar farko ita ce wa ya tsira, wa ya rage a gidan wane. Lissafin sunaye a irin wannan lokaci ba aikin gundura ba ne, shi ne matakin farko na tabbatar da cewa al'umma ba ta ƙare ba.

Sai dai jerin yana magana kuma ta wurin waɗanda babu su a ciki. Haruna 'ya'ya huɗu ya haifa, amma manyan biyun, Nadab da Abihu, sun mutu a gaban bagade saboda sun miƙa wutar da ba a umarce su ba, kuma ba su bar baya ba. Eli, wanda ya riƙe firistanci a Shilo shekaru da yawa, ba ya cikin jerin sura ta 6 sam. 'Ya'yansa Hofni da Finehas sun mai da hadayar jama'a abin wawaso, ya tsawata musu da baki bai hana su da hannu ba, sai aka aiko masa da saƙo cewa alkawarin da aka yi wa gidansa an janye shi. Hukuncin bai cika ba sai bayan tsararraki, lokacin da Sulemanu ya tuɓe Abiyata, firist daga zuriyar Eli, ya kore shi zuwa gonarsa a Anatot, ya bar Zadok shi kaɗai. Annabi Malakai ma, can bayan dawowa daga bauta, da alkawarin Lawi ya yi wa firistocin zamaninsa bulala: ya tuna musu irin amanar da kakansu ya riƙe don ya nuna musu nisan da suka yi da ita. A hannun annabawa salsala hujjar mai ƙara ce, ba garkuwar wanda ake ƙara ba. Musulmin da ke karanta wannan zai tuna cewa Alƙur'ani ma ya zo da irin wannan iyaka, inda Annabi Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci aka sanar da shi cewa azzalumai daga cikinsu ba sa ciki. Bahaushe na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma littattafan Ibraniyawa sun fi yawan kawo shaidar karin magana ta biyu. Abin lura, daga Anatot ɗin nan da aka jefar da Abiyata, daga cikin firistocin garin, Irmiya ya fito, ya tsaya a ƙofar Haikali yana gargaɗin cewa za a yi masa abin da aka yi wa Shilo.

Wurin da salsalar ta fi taɓa zuciya a ganina shi ne zancen Kora. Shi ne wanda Musulmi suka sani da Ƙaruna, kuma Attaura ta nuna ɗan baffan Musa ne, domin Izhara mahaifinsa da Amram 'ya'yan Kohat ne. Balawe ne, yana da aikinsa a alfarwa, amma ya raina shi ya nemi firistanci, ya tara mutum 250 suka yi wa Musa da Haruna tawaye, suka hallaka. Mai karatu zai zaci gidan ya shafe ke nan. Sai can a Ƙidaya sura 26, a tsakiyar wani lissafin ƙidaya, aka saka gajeriyar magana cewa 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Ba a ƙara komai ba. Sai ka zo Tarihi na Ɗaya sura 6 ka tarar da salsalar Heman, shugaban mawaƙan da Dawuda ya naɗa, an bi ta baya suna bayan suna: ɗan Yowel, ɗan Sama'ila, har ta biyo ta kan Kora kafin ta kai Lawi. Ba a goge sunan ɗan tawayen ba, ba a kuma ɓoye Yowel ba, wanda Littafin Sama'ila ya ce shi da ɗan'uwansa sun ci hanci suna alƙalanci a Biyer-sheba. Zabura goma sha ɗaya ne ke ɗauke da sunan 'ya'yan Kora a kansu, sura ta 9 ta Tarihi na Ɗaya kuma ta nuna zuriyarsa ce ke tsaron ƙofofin wuri mai tsarki. Ɗaya daga cikin zaburorin, ta 84, mai waƙar yana nuna ya gwammace tsayuwa a bakin ƙofar gidan Allah da zaman daɗi a wani wuri. Kakan ya hallaka yana neman bagade, jikokin suka sami wadar zuci a bakin ƙofa. Wanda ya tsallake jerin sunaye ba zai taɓa haɗa waɗannan guntaye uku ba, domin salsalar ce kaɗai zaren da ya ɗinke su. A ƙasar da ake hana yarinya miji saboda abin da kakan kakanta ya yi, ko saboda sana'ar da gidansu ya gada, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Akwai masu cewa duk wannan kwalliya ce aka yi wa siyasa. Masana da dama na ganin jerin sura ta 6 aikin gidan Zadok ne, waɗanda suka yi rinjaye suka rubuta tarihi yadda zai dace da su, suka share abokan hamayya. Suna da abin kafa hujja. Sunaye uku, Amariya da Ahitub da Zadok, sun maimaitu a jere sau biyu. Yehoyada, firist ɗin da ya ɓoye yaro Yowash ya kifar da Ataliya, babu shi a jerin, haka ma Uriya na zamanin sarki Ahaz. Daga Haruna zuwa Ahimawaz tsara goma sha biyu ce, in aka ba kowace shekara 40 sai a sami 480, daidai adadin da Sarakuna na Ɗaya ya bayar tsakanin fitowa daga Masar da gina Haikali, abin da ke nuna an tsara lissafin ne da gangan. Salsalar Ezra kuma a sura ta 7 ta tsallake sunaye shida da ke cikin Tarihi, ta kuma kira shi ɗan Seraiya, alhali tsakanin kisan Seraiya da zuwan Ezra Urushalima a 458 akwai shekara fiye da 120. Ba na musun ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma mai wa'azin da ya nace cewa jerin rajistar haihuwa ce irin ta asibiti yana ɗora wa nassi nauyin da bai ce zai ɗauka ba. Mu kanmu muna ce wa mutum ɗan Shehu ko jikan Dabo alhali tsararraki da yawa sun shiga tsakani, ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Amma hujjar siyasa tana da gurbi babba. Wanda ya rubuta salsala don tallata gidansa ba ya rufe ta da tafiya bauta. Ba ya barin labarin Nadab da Abihu, ba ya barin zargin Malakai, kuma ba ya barin Littafin Ezra ya lissafa 'ya'yan gidan Yeshuwa ɗan Yehozadak a sahun farko na waɗanda aka samu da laifi a sura ta 10. Ko da son rai ya shiga tsara jerin, littattafan da suka kewaye shi sun hana shi zama kirari.

Ƙalubale na biyu ya fi wannan ciwo. Ezra sura 2 ta ba da labarin gidaje uku, na Habaya da Hakkoz da Barzillai, waɗanda suka dawo daga Babila suna cewa su firistoci ne, aka nemi sunayensu a rajista ba a samu ba, aka hana su aikin da cin tsattsarkan abinci. Duk ɗan Nijeriya da ya taɓa yawo a sakatariyar ƙaramar hukuma yana neman takardar shaidar asali, a ce masa kakansa baƙo ne a garin da aka haifi ubansa, zai ji zafin wannan a jikinsa, balle wanda ya gudu daga gida da kayan jikinsa kawai, takardu suka bi wuta. Ina adalci a hukunta mutum saboda takardar da yaƙi ya ci? Zafin gaskiya ne, ba kuma zan ce babu wanda aka ƙware ba. Amma a duba iyakar hukuncin. Ba a kore su daga cikin jama'a ba, ba a hana su zama ko sujada ba, aikin bagade kaɗai aka dakatar da su daga gare shi, aikin da suka yi imani kuskure a cikinsa na jawo mutuwa. Mai mulkin lardin kuma bai ce su maƙaryata ba ne. Ya ce a jira sai an sami firist mai neman nufin Allah ta Urim da Tummin, wato ya amsa cewa takarda ta kai iyakar saninta, sauran yana wurin Allah. Kuma da alama ƙofar ta buɗe daga baya ga aƙalla gida ɗaya: a Nehemiya sura 3 ga Meremot ɗan Uriya ɗan Hakkoz yana gyaran garu har kashi biyu, a Ezra sura 8 kuma an kira Meremot ɗan Uriya firist, shi aka danƙa wa azurfa da zinariyar Haikali ya auna. Bambancin da takardar asali ta zamaninmu shi ne ita ana neman ta don a ci rabo, a hana maƙwabci gurbin karatu ko aiki, ita kuwa waccan tana tantance wanda zai kusanci wuta.

Kirista zai iya cewa to me ya rage, tunda Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta nuna Yesu daga kabilar Yahuza ya fito, firistancinsa irin na Malkisadik ne wanda ba a ba da salsalarsa ba, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti da Titus a kan jayayyar asali marar ƙarewa? Gaskiya ne Sabon Alkawari ya cire jini daga sharuɗɗan hidima, kuma ikkilisiyoyin wannan yanki shaida ne. Lokacin da Stover Kulp da Albert Helser suka fara aikin bishara a Garkida a 1923, aikin da ya haifi EYN, babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya gaji fastanci, kuma har yau Majalisa ce ke zaɓen shugabannin EYN, ba gado ba. Amma bayan shekara ɗari an sami gidajen da uba fasto ne, ɗa fasto, jika na makarantar tauhidi, kamar yadda gidajen malamai da limamai suke a wajen Musulmi, kuma ɗan na gada yakan ji ya fi ɗan na koya. Gadon hidima ba aibu ba ne. Mabuɗin Ka'aba yana hannun Banu Shaiba tun ranar da Annabi ya mayar wa Usman ɗan Ɗalha shi a shekarar buɗe Makka, kuma yaron da ya tashi yana ganin ubansa na fita ziyarar marasa lafiya da dare ya koyi abin da aji ba ya koyarwa. Haɗarin shi ne a ɗauko gidan Haruna a kafa hujjar mallake mumbari. Wanda zai yi haka sai ya ɗauki salsalar da duk abin da ke cikinta, har da rashin gādon ƙasa da labarin 'ya'yan Eli. Malaman Yahudawa da kansu, a cikin Mishna, sun yanke cewa masanin Attaura ko da shege ne yana gaba da babban firist jahili.

Akwai kuma hanyoyi biyu na neman ma'ana da nake ganin ɓata lokaci ne. Ɗaya ita ce a fassara kowane suna daga Ibrananci a jera fassarorin a ce an gano ɓoyayyen saƙo. Sunaye da yawa ma'anarsu ba tabbatacciya ba ce, kuma mai wannan wasa yakan tsinci abin da shi ya zuba. Ɗayar ita ce dogaro da gwajin ƙwayar halitta, kamar binciken da aka buga a 1997 wanda ya nuna Yahudawa da yawa masu da'awar zuriyar firistoci suna da alamomin gado iri ɗaya ta wajen uba. Binciken na da ban sha'awa, amma iyakarsa ya nuna dangantaka, ba zai gaya maka ko mutum ya riƙe amana ba.

Yadda mutanen littafin suka yi amfani da rajistar a aikace shi ya fi bayyana abin da take. Tarihi na Ɗaya sura 24 ta raba firistoci kashi 24, goma sha shida daga gidan Ele'azara, takwas daga gidan Itamar, aka kuma jefa ƙuri'a don kada babba ya danne ƙarami wajen jerin aiki. Kashi na takwas shi ne na Abaija, wanda Luka ya ce Zakariya mahaifin Yahaya yana cikinsa lokacin da ƙuri'a ta faɗo masa ya shiga ƙona turare. Jadawalin aiki ne, kowa da makonsa. Ezra sura 2 kuma ta nuna firistoci 4,289 ne suka dawo cikin jama'a 42,360, amma Lawiyawa 74 kawai. Ana iya fahimtar dalili: firist na da bagade da rabon hadaya, Balawe kuwa ɗaukar kaya da tsaron ƙofa da wanke-wanke ke jiransa a garin da yake kango. Da Ezra ya tashi nasa ayarin, ya yada zango kwana uku a bakin kogin da ke gangarawa Ahawa, ya duba mutanensa gida-gida bai ga Balawe ko ɗaya ba. Bai ce a wuce haka nan ba, bai kuma naɗa duk wanda ya samu ba. Ya tura manzanni wurin Iddo, shugaban wani wuri da ake kira Kasifiya, a nemo masa waɗanda sunansu ke cikin zuriyar, aka zo masa da mutum 38 daga gidan Merari da sauran 'ya'yan Lawi, tare da ma'aikatan Haikali 220. Mutane ne da suka yi zamansu a Babila, wataƙila da gidaje da sana'a, salsalarsu ce ta sa aka ƙwanƙwasa musu ƙofa aka ce su tattara su kama hanyar wata huɗu zuwa Urushalima.